Yadda Mas Sarwoto Ya Kashe Bagaskara Sau Uku

Idan kana neman mutumin da bai taɓa cewa "ban iya ba" tun da uwarsa ta haife shi, ka zo unguwarmu, bayan tashar jirgin ƙasa ta birnin Solo, ka tambayi Mas Sarwoto ɗan acaba. Shi ne ya gyara lasifikar masallaci har ta koma kamo tashar rediyo ana tsakiyar sanarwar jana'iza. Shi ne ya yi wa yaran unguwa aski kyauta, iyaye suka sayo huluna. Ni Lastri tela, da ake ce wa Yu Lastri, wato Yaya Lastri, shagona yana kallon inda 'yan acaba suke tsayawa, saboda haka duk cika-bakinsa a kunnena yake sauka, ko ina so ko ba na so.

Abu ɗaya ne ya gagare shi a duniya: Bu Warsini mai soto. Mijinta ya daɗe da rasuwa, ita kuma ta riƙe rumfarta tana sayar da soton, wato romon kaza da shinkafa, ba ta kula kowa. Sarwoto ya ci soton nan safe da rana har wuyansa ya yi kauri, amma iyakar abin da ya taɓa samu daga bakinta shi ne, "A ƙara barkono, Mas?"

To, sai wasan talabijin ɗin nan da ya haukata matan unguwa, Hawayen Gonar Shayi, ya ƙare ƙarewar rashin mutunci. Motar jarumin, Raden Bagaskara, wato Yarima Bagaskara, ta faɗa kogi, masoyiyarsa Kinanti tana tsaye a kan gada, kawai sai suka hasko tallar sabulu. Shi ke nan wai an gama. Wallahi ni ma na yi kuka. Bu Warsini kuwa, washegari sukari ta zuba a romo maimakon gishiri.

"Da wani zai ci gaba da labarin nan ya dawo min da Bagaskara," in ji ta tana share ido da gefen mayafi, "da na ba shi duk abin da ya roƙa."

Sarwoto ya ajiye cokali. "Bu, me kika ce? Duk abin da ya roƙa?"

"Na soto nake nufi, Mas."

"An ji, an shaida!" Ya miƙe ya buga ƙirji. "Yaran makarantar da nake ɗauka, duk irin wannan suke rubutawa a waya. Wasa ya ƙare, su ɗora daga inda aka tsaya. Abin da yara suke yi ne zai gagare ni? Ni da malamin firamare ya taɓa karanta rubutuna a gaban aji?"

"Don a yi dariya ya karanta," in ji Mbah Poniyem daga kan bencinta. Tsohuwa ce da ba ta da haƙori ko ɗaya, amma bakinta ya fi almakashina kaifi.

Kafin magariba babi na farko ya shigo guruf ɗin unguwa na waya. Mbah ba ta ganin rubutun waya, don haka ni nake karanta mata ina taka keken ɗinki. Layin farko Bagaskara ya fito daga kogi, mata suka yi ta turo hoton zuciya. Layi na biyu sai ga wani baƙon mutum da bai taɓa fitowa a wasan ba: Raden Sarwo, ɗan acaba, wanda a ɓoye likita ne, kuma matuƙin jirgin sama, kuma shi ne ainihin mai gonar shayin amma tawali'u ya hana shi faɗa. An kwashe rabin babin ana bayanin rigarsa. Idanunsa shuɗaye ne. Da ya cire hular kwano tsuntsaye suka yi shiru, shi kansa mugun cikin labarin ya ce, "Kai, wannan bawan Allah akwai kyau."

"Wane ne kuma wannan?" in ji Mbah.

"Raden Sarwo, Mbah."

"Na san wani Sarwo mai tumbi da bashin wanka. Ci gaba."

A babi na biyu idanun Raden Sarwo sun koma koraye. A na uku ruwan zuma. Kinanti kuwa ba ta iya buɗe baki sai ta sauke ajiyar zuciya, ta sauke kafin ta yi magana, ta sauke bayan ta gama, har in za ta ce "sannu". Ana tsakiyar faɗa da takobi sai ka ga an rubuta: "Ku yi haƙuri masu karatu, na samu fasinja zuwa kasuwa, yanzu zan dawo." In ya dawo ya manta takobin a hannun wa yake. Ƙarshen kowane babi kuma da barazana: in ba a yaba ba, ba zai ci gaba ba.

Na tare shi a bakin shago. "Mas, kana sake karanta abin da ka rubuta kuwa?"

"Yu Lastri, marubuci na gaske ba ya waiwaye. Kin taɓa ganin ina tuƙi ina kallon baya?"

"Shi ya sa madubin babur ɗinka ya karye bai dame ka ba."

Matsalar da ya ci karo da ita guda ce. Duk kwalliyar da ya yi wa Raden Sarwo, Bu Warsini in za ta yi sharhi sai ta rubuta, "Allah sarki Bagaskara." Kishi ya turnuƙe shi. A babi na gaba maciji ya sari Bagaskara, ya mutu a cinyar Kinanti bayan doguwar wasiyya. Guruf ya kama da wuta. Kwana biyu sai ga Bagaskara zaune yana shan shayi a wani babi, ba bayani ba komai, don Sarwoto yana bukatar wanda zai yaba wa Raden Sarwo gashi kuma ya manta ya binne shi. Bu Warsini ta rubuta, "Alhamdulillah, Bagaskara!" Sai tsawa ta faɗo masa, ya sake mutuwa a cinyar Kinanti. Ya sake dawowa yana wanke mota. Karo na uku yana kwance a ɗakin asibiti, kwakwa ta faɗo masa a ka.

"A cikin ɗaki?" in ji Mbah. "Bishiyar a kan gado ta tsiro?"

Ana cikin haka watan Agusta ya kama, aka fara rataya tutoci ja da fari. Mai unguwarmu Pak Darmaji yana neman abin da za a nuna a dandamali ranar bikin 'yancin kai, don an gaji da waƙar matarsa. Sarwoto ya je ya same shi.

"Pak, labarina za a yi wasansa. Amma da sharaɗi: ba za a canja ko kalma ɗaya ba. Yadda na rubuta haka za a yi."

Pak Darmaji bai karanta ba, ya amince. Da ya karanta, ya riga ya yi alkawari.

Sarwoto da kansa ya raba matsayi. Shi ne Raden Sarwo, wannan ba sai an faɗa ba. Bu Warsini ce Kinanti, ta yarda ne kawai saboda ƙaunar wasan. Saura Bagaskara. Nan Sarwoto ya yi dabarar da yake ganin ba a taɓa yin irinta ba: ya zagaya unguwa yana neman namijin da ba zai yi masa inuwa ba, ya dawo da Kang Tukiran mai faci. Mutum ne siriri, mai kunnuwa kamar murfin tukunya, matarsa ta rasu, kuma in mace ta gaishe shi taya yake amsa wa.

"Ka ga in na tsaya kusa da wannan," Sarwoto ya gaya wa 'yan acaba yana ƙyaƙyata dariya, "ko makaho ya san wa za a zaɓa. Ku saurara ku ji. A fage na ƙarshe an rubuta Kinanti ta miƙa wa Raden Sarwo hannu. Nan zan fito da zobe na gaske, in nemi aurenta a gaban duk unguwa. Ina za ta ce a'a, alhali a rubuce yake ta ce e? Har tsohuwata zan ɗauko daga ƙauye ta gani da idonta."

Ina jin su ta taga. Na ce a raina, Allah ya kai mu.

Ranar farko ta gwaji muka ci karo da hannu. Pak Darmaji, wanda shi ne mai karanta bayanin labari, ya gyara tabarau ya karanto: "Kinanti ta riƙe lema da hannu ɗaya, ta tallabi kan Bagaskara da ɗayan, ta share hawayenta da hannunta."

Bu Warsini ta dubi hagu, ta dubi dama. "Mas Sarwoto, da wanne zan share?"

"Da hannunki mana, Bu."

"Sun ƙare."

"A ajiye lemar," in ji Pak Darmaji.

"Ba a canja kalma!" Sarwoto ya daka tsawa. "Lemar tana da ma'ana mai zurfi."

Da aka bincika, ashe kusan kowane fage Kinanti hannu uku take aiki da shi. Aka rasa yadda za a yi, sai aka ce ni in tsaya bayan labule, in saka hannun riga irin nata, in zuro hannuna ta wata ɓaraka duk lokacin da ake bukata. Ni da na zo auna kaya, na tashi a hannu na uku. Ido kuma na yi wa Sarwoto tabarau kala-kala da ledar alawa, shuɗi da kore da ruwan zuma, yana canjawa kowane fage. Bu Warsini ta yi ta sauke ajiyar zuciya har jiri ya ɗebe ta, sai da aka ba ta shayi mai sukari.

Sai mutuwa. Limamin unguwa ya ce in dai dole sai an mutu a cinya, a sa matashin kai a tsakani, aka sa. Wasiyyar da Sarwoto ya rubuta wa Bagaskara doguwa ce, kuma yawancinta yabon Raden Sarwo ne: yadda haƙoransa suke, yadda ya fi shi cancanta. Kang Tukiran ya kwanta, ya ɗaga ido ya ga fuskar Bu Warsini a samansa, komai ya gudu daga kansa. Ya yi ta motsa baki. Can ya ce a hankali, "Bu, tayar bayan kekenki ba iska. Na gani tun jiya. Kada ki hau haka, za ki faɗi."

"Ba haka aka rubuta ba!" in ji Sarwoto. "A sake!"

Aka sake. Mutuwa uku ce a labarin, kowace kuma sai an maimaita ta har Sarwoto ya gaji da ihu. Kullum Kang Tukiran yana kan matashin nan, kullum ya manta wasiyya ya faɗi abin da ke ransa. Yau ya ce ya ga rumfarta tana yoyo, zai zo da kwano. Gobe ya tambayi tarin da yake jin tana yi. Ran nan sai ga Bu Warsini ta zo gwaji da kwanon soto, da cinyar kaza guda a ciki.

"Na wane ne wannan, Bu?" in ji Sarwoto yana lashe baki.

"Na gawa ne. Mutuwa sau uku a wuni ba ƙaramin aiki ba ne."

Na ja shi gefe, don ni ba na iya ganin mutum zai faɗa rami in yi shiru. "Mas, ka rage mutuwar nan. Ka mai da ita ɗaya."

"Yu Lastri, ke ɗinki kika sani. Tausayin gawa take yi, kuma ƙarfin alƙalamina ne ya jawo. Kin ga yadda take kallonsa? To ni na rubuta wannan kallon."

Na ce to, Allah ya ba da sa'a.

Ranar biki, bayan la'asar, yara sun gama tseren buhu, unguwa kaf ta hallara gaban dandamalin katako. A layin gaba ga mahaifiyar Sarwoto da sabon zane, ga Mbah Poniyem, ga mijina Pak Jumadi mahauci, wanda ya zo ne takanas don ya ga hannun matarsa yana wasa. 'Yan acaba sun jeru a baya suna matsa ham.

Tun fagen farko aka fara. Maciji ya sari Bagaskara, ya mutu, mata suka yi salati. Fage na gaba ya shigo da kofin shayi.

"Ba wannan muka binne yanzu ba?" Mbah ta ɗaga murya. "Ko ƙaninsa ne?"

Ana tsakiyar faɗan takobi Pak Darmaji ya karanto da murya mai nauyi, "Ku yi haƙuri masu karatu, na samu fasinja zuwa kasuwa, yanzu zan dawo." Wata mata a baya ta miƙe ta ce in kasuwa za a je a tafi da ita. Raden Sarwo ya shigo da shuɗin ido ya fita, ya dawo da kore, mahaifiyarsa ta juya ta tambayi na kusa da ita ko ciwon ido ake yi a birni. Tsawa ta kashe Bagaskara, wato an buga tire da muciya. Ya tashi ya wanke mota. Mutane suka fara caca da baki a kan me zai kashe shi na gaba, da kwakwar ta sauko daga rufin asibiti a kan igiya, har wanda ya riƙe igiyar sai da ya zauna don dariya.

Sarwoto yana bayan dandamali yana jin ihun, ya ce da ni, "Kin ji? Sun kamu."

Fage na ƙarshe ya zo. A nan an rubuta cewa idanun Raden Sarwo sun haɗa shuɗi da kore da ruwan zuma gaba ɗaya saboda tsananin so. Ba a canja kalma, don haka ya ɗora tabarau uku a kan juna. Ko tafin hannunsa ba ya gani. Ya shigo yana lalube, ya taka ƙafar gawa, gawa ta ce "wash" ta koma ta mutu.

Pak Darmaji ya karanta: "Kinanti tana riƙe da lema, tana tallabe da kan Bagaskara, sai ta miƙa wa Raden Sarwo hannunta."

To, jama'a, ku gaya min. Lema a dama, kai a hagu. Hannun wa ya rage? Ni aikin da aka sa ni na yi. Na zuro hannuna ta ɓarakar labule.

Sarwoto ya durƙusa ya cafke shi da hannu biyu. Ya ɗaga murya yadda har tasha za a ji: "Jama'ar unguwa, ku shaida! Wannan ba wasa ba ne yanzu. Mai wannan hannu, na daɗe ina mafarkinki. Kullum ina zaune ina kallonki kina aiki. Mijinki na da, Allah ya ji ƙansa, amma lokaci ya yi da za ki manta da shi. Ki aure ni!" Sai na ji an tura min zobe a yatsa, da ƙarfi.

Na fizge hannuna. Ya riƙe. Na sake fizgewa, ya jawo, labulen duka ya tsinko daga igiya ya zubo ƙasa. Sai ga ni tsaye a gaban duk unguwa, hannun riga ɗaya ja ɗaya fari, allurai a baki, zoben Sarwoto a yatsana.

Sai mijina ya miƙe a hankali, kuma in Pak Jumadi ya miƙe ana daɗewa ana kallo kafin ya gama miƙewa.

"Sarwoto," in ji shi, "yaushe na rasu?"

Sarwoto ya cire tabarau na farko, ya cire na biyu, ya cire na uku. Ya dubi hannun, ya bi shi da ido har zuwa fuskata. "Yu Lastri! Me kike yi a nan?"

"Hannu na uku, Mas. Kai ka rubuta ni."

Abin da ya biyo baya ba dariya ba ce, ɓarin jiki ne. 'Yan acaba suka kwanta a kan ham. Pak Darmaji ya zauna a kan gangar makaɗa. Mahaifiyar Sarwoto ta hau dandamali da takalminta a hannu tana cewa, "Matar aure? Daga ƙauye ka ɗauko ni in ga kana neman matar mahauci?" Ni kuma ina ta murɗa zoben, ya ƙi fita, don an auna shi ne da yatsar da ba tawa ba.

Cikin wannan hargitsi gawa ta buɗe ido ɗaya. Abin magana yana kusa da kansa, shi ya sa kowa ya ji.

"Bu Warsini," in ji Kang Tukiran, "ni ba ni da zobe. Kuma ban iya magana ba, kin sani. Amma in an gama wasan nan, ban san inda zan riƙa ganinki kullum ba, kuma abin yana damuna ƙwarai."

Bu Warsini ta ajiye lemar nan mai ma'ana mai zurfi. Ba ta sauke ajiyar zuciya ko ɗaya ba. Ta ce, "To ka tashi mana, Kang. Ka turo manyanka."

"Ba haka aka rubuta ba!" Sarwoto ya yi ƙara, takalmin uwarsa na sauka a bayansa. "An rubuta ya mutu! Kwakwa ta kashe shi!"

"Sau biyu ka kashe shi ya tashi," in ji Mbah Poniyem, "sai na ukun ne zai ba ka mamaki?"

Da sabulu da man gyaɗa aka cire zoben. Mijina ya mayar masa da kansa, ya riƙe hannunsa wajen gaisawa har sai da Sarwoto ya yi alkawarin ba zai ƙara ba kowa hannu fiye da biyu a labari ba. An ɗaura auren Bu Warsini da Kang Tukiran bayan ƙaramar salla. Sarwoto ya gaya wa duk fasinjan da ya ɗauka cewa tun farko haka ya tsara, wai manyan marubuta ba sa bari a gane inda suka dosa.

Amma ya daɗe bai taka rumfar soto ba. Ranar da ya koma ina wurin, Mbah ma tana kan bencinta. Ya zauna a can ƙarshe, bai cika baki ba, abin har ya ba ni tausayi. Kang Tukiran ne ya kawo masa kwano, cike, da cinyar kaza a sama. Sarwoto ya sa hannu a aljihu, Bu Warsini ta girgiza kai daga bakin tukunya.

"Bar shi, Mas. Na ce duk wanda ya dawo min da Bagaskara zan ba shi abin da ya roƙa na soto. Kai kuwa har sau uku ka dawo min da shi, ka kwantar min da shi a gabana sai da na gan shi da kyau. Ka ci, in bai isa ba a ƙara."

Ya sunkuyar da kai ya fara ci. Mbah ta leƙa fuskarsa ta daɗe tana kallo.

"Lastri," ta ce, "yau wane kala ne idon Raden Sarwo?"

Na duba. Ja ne, jawur, kuma a karon farko duk wanda ke rumfar ya yarda da kala ɗaya. Sarwoto ya goge da bayan hannu ya ce barkono ne ya yi yawa. Ba wanda ya gaya masa cewa Bu Warsini ba ta sa barkonon ba tukuna.